Jikin mai jego: abin da zai koma, abin da zai zauna, da abin da ba a yi masa haƙuri

Ranar suna mai jego ta yi wanka ta ɗaura sabuwar atamfa, ƙafa ta sha lalle, 'yan barka sun cika tsakar gida. Cikin masu karɓar jariri sai wata ta kai ido kan cikinta ta ce, "Ikon Allah, kamar da saura ɗaya a ciki! Ba a ɗaure miki ba ne?" Aka yi dariya aka wuce. Ita kuwa maganar ta zauna mata a rai. Alhali kwana 7 ke nan da sauka, mahaifarta ma har yanzu tana da nauyin kusan rabin kilo. Babu wani zane ko ɗamara da zai mayar da wannan ciki cikin mako guda.

Sauye-sauyen da haihuwa ke kawo wa jikin mace iri uku ne. Akwai masu wucewa da kansu in an ba su lokaci. Akwai masu zama har abada amma ba sa cutarwa. Akwai kuma waɗanda ciwo ne, magani suke so da gaggawa. Abin da ke damun ma'aikatan lafiya a Sakkwato da kewaye shi ne yadda muka juya lamarin baibai. Nankarwa da tumbi, waɗanda ba su taɓa kashe kowa ba, su ake yaƙa da kuɗi da magunguna masu haɗari. Haki da kumburi da yoyon fitsari kuwa sai a ce "jego ne, yi haƙuri." Mace ba za ta iya karɓar sabon jikinta da kwanciyar hankali ba sai ta san wane sauyi ne ke cikin wane kaso.

Mahaifa da jinin biƙi

Da zarar mabiyiya ta faɗo, mahaifa tana da nauyin kusan kilo 1, kuma ana jin samanta daidai cibiya, da tauri kamar ƙwallo. Kullum tana sauka kimanin faɗin yatsa ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 14 ta shige bayan ƙashin mara, ba a ƙara jin ta da hannu. A mako 6 nauyinta bai kai giram 100 ba. Murɗawar marar da ake ji a kwanakin farko, musamman lokacin da jariri ya kama nono, aikin komawar ne: tsotso yana sa jiki ya saki sinadarin da ke matse mahaifa, matsewar kuma ita ce ke toshe hanyoyin jinin da mabiyiya ta bari a buɗe. Wannan ciwo ya fi tsanani ga mai haihuwa ta uku ko ta biyar fiye da mai haihuwar fari, kuma yana lafawa cikin kwana 3 zuwa 4. Yawan yin fitsari yana taimakawa, domin cikakkiyar mafitsara tana tokare mahaifa ta hana ta matsewa yadda ya kamata.

Jinin biƙi yana farawa ja wur na kwana 3 ko 4, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa zuwa wajen kwana 10, sannan ya zama fari-fari ko ɗorawa-ɗorawa har mako 4 zuwa 6. A mazhabar Malikiyya da muke bi iyakarsa kwana 60 ne, kuma in ya ɗauke kafin arba'in mace za ta yi wanka ta kama salla. Alamomin da ba a kwana da su a gida su ne: jini ya jiƙe audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya, ko gudaji masu girman ƙwai, ko jinin ya dawo ja da yawa bayan ya fara dusashewa, ko wari mai ƙarfi tare da zazzaɓi da ciwon mara. Galibi dalilin shi ne guntun mabiyiya da ya maƙale, ko ƙwayoyin cuta sun shiga mahaifa. Maganar cewa "mugun jini ne, gara ya fita" ta jawo asarar rayuka. Jinin da ya kai rabin lita bayan haihuwa likitoci sun riga sun ɗauke shi zubar jini mai haɗari, ballantana ga macen da dama jininta bai cika ba.

Tumbi

A ranar haihuwa mace kan sauke kilo 5 zuwa 6, wato nauyin jariri da mabiyiya da ruwa. A makon farko wani ruwan ya ƙara fita ta fitsari da zufar dare, domin a lokacin goyon ciki jinin jiki kan ƙaru da kusan rabin yadda yake. Abin da ya rage a ciki bayan wannan abu uku ne: fatar da ta miƙe wata 9, kitsen da jiki ya tara don shayarwa, da tsokar ciki da ta buɗe.

Wannan ta ukun ita ce mata da yawa ba su sani ba. Tsokar gaban ciki layi biyu ce, dama da hagu, da wata farar tantani mai ƙarfi da ta haɗa su a tsakiya. Girman ciki yana miƙe tantanin har layukan su ware. Mace za ta iya gwada kanta: ta kwanta rigingine a kan tabarma, ta tanƙwara gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ta jera yatsu a kwance a saman cibiya kaɗan, sannan ta ɗaga kai kamar mai son leƙa gwiwarta. Za ta ji gefen tsoka biyu sun taso sun kama yatsun. In ramin ya ɗauki yatsa ɗaya ko biyu, wannan ba komai. In ya wuce yatsa biyu bayan mako 8, ko kuma tsakiyar cikin yana tasowa da tsini duk lokacin da ta yunƙura, to tana buƙatar masu gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti su koya mata atisayen da ya dace.

Atisayen farko mai sauƙi ne. A kwance a gefe ko a rigingine, ta ja numfashi ta saki ciki, sannan yayin fitar da numfashin ta janyo ƙasan cibiya ciki a hankali, ta riƙe daƙiƙa 5 zuwa 10 tana ci gaba da numfashi, ta saki. Sau 10, sau 3 a rana. In za ta tashi daga gado ta fara juyawa gefe, ta sauke ƙafafu, ta dogara da hannu. Abin da ke ɓata aikin shi ne tashi zumbur daga rigingine, da jan guga a rijiya, da ɗaukar jarkar ruwa mai lita 25, da daka a turmi tun makonnin farko.

Ɗaurin ciki yana da amfani gwargwado: yana tallafe baya, yana sa mai jego ta ji daɗin tafiya, musamman wadda aka yi wa aiki. Amma ba ya narkar da kitse, ba ya kuma haɗe tsoka. In aka tamke shi har numfashi na wahala, nauyin kayan ciki ƙasa zai danna, kan mafitsara da mahaifa, a lokacin da tsokar wurin ta fi kowane lokaci rauni. A ɗaura yadda tafin hannu zai shiga, a kwance da dare da lokacin cin abinci.

Ko bayan duk wannan, mata da yawa za su zauna da ɗan saki a fatar ƙasan cibiya. Wadda aka yi wa aiki kan ga fata ta ɗan rufo kan tabon, wurin kuma ya yi watanni kamar ba nata ba saboda ƙananan jijiyoyin da aka yanke. Ƙugu kan ƙara faɗi, haƙarƙari ya ɗan buɗe, wasu ma takalminsu ya ƙara lamba guda ya zauna a haka. Tela ne maganin wannan. Rigar da aka ɗinka ranar kai lefe ba ma'aunin lafiya ba ce.

Nankarwa, baƙin fata da gashi

Nankarwa tsagewa ce a cikin fata ta ciki, inda zaren da ke ba ta danƙo ya tsinke saboda saurin miƙewa. Gado na da hannu sosai a ciki, shi ya sa wata za ta haifi takwas babu ko layi ɗaya, wata kuwa tun cikin fari. Tana farawa da duhu ko ja, cikin wata 6 zuwa shekara ta dusashe ta yi haske ta lafa. Ba ta ɓacewa gaba ɗaya. Man kaɗanya da man zaitun suna rage ƙaiƙayi da bushewa, musamman da hunturu, amma ba su ɗinke abin da ya tsage a ciki. Baƙin layin da ke sauka daga cibiya, da duhun wuya da fuska da hammata, aikin sinadaran ciki ne, suna washewa da kansu cikin watanni. Na fuska rana ce ke ƙara shi, kuma ranar Sakkwato ba ta wasa, saboda haka laima da inuwa sun fi kowane mai amfani.

A nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Mayukan bilicin da ake haɗawa a robobi marasa suna yawanci suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, ko haidirokwinon, wasu har da makuri. Sitiroyid yana sirantar da fata, kuma shi da kansa yana haddasa nankarwa mai faɗi, ja, wadda ta fi ta haihuwa muni nesa ba kusa ba. Makuri kuwa yana shiga jini, ya taɓa ƙoda, ya bi ruwan nono zuwa ga jariri. Jaririn da ke kwance a ƙirjin uwarsa yini guda, man da ta shafa shi ma ya shafa.

Zubar gashi tana tayar da hankali, amma lissafinta a fili yake. A lokacin ciki gashin da ya kamata ya zube kullum sai ya tsaya. Bayan haihuwa da wata 2 zuwa 4 sai ya zube a tare, ya fi yawa a goshi da gefen kai. Kafin yaro ya shekara ya dawo. Abin da ke mayar da zubar ta dindindin shi ne kitso mai tsauri da ƙananan kalaba da ke jan gaban goshi a daidai wannan lokaci. In zubar ta wuce shekara, ko tana tare da kasala da jiri, a auna jini a kuma duba maƙoshi ko akwai matsalar maƙoƙo.

Nono

Dakashi, ruwan farko mai kauri ɗorawa-ɗorawa, shi ne rigakafin farko na jariri. Matse shi a zubar, ko a hana yaro nono kwana 3 ana ba shi ruwa ko madarar akuya, asara ce babba. Kaɗan ne, amma cikin jariri a ranar farko bai wuce cin ƙaramin cokali ɗaya zuwa biyu ba a kowane sha. Ruwan nono sosai yana zuwa tsakanin kwana 2 zuwa 5, nono ya cika ya yi tauri. Maganin wannan shi ne yawan ba yaro, sau 8 zuwa 12 a yini da dare, da ɗan tatsewa da hannu in ya yi tamau har yaro ya kasa kamawa. Tsagewar kan nono kusan kullum daga kamu ne: bakin jariri ya buɗe sosai, ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa ta taɓa nonon, leɓen ƙasa ya juyo waje. In wani sashe ya yi ja da zafi da tauri, ga zazzaɓi da ciwon jiki, kada a daina shayarwa a wannan ɓangaren, kuma in kwana ɗaya ya wuce babu sauƙi a je asibiti kafin ya tara ruwa a kai ga tsagawa.

Batun zubewar nono kuwa, shayarwa ake ɗora wa laifi, har wasu matan na yaye da wuri ko su koma madarar gwangwani don tsoron haka. Binciken likitoci ya nuna cikin kansa ne ke miƙe fata da jijiyoyin da ke riƙe nono, tare da shekaru da yawan haihuwa da hawa da saukar ƙiba. Wadda ta ƙi shayarwa ba ta tsira daga wannan ba, ta dai hana ɗanta abin da ya fi komai amfani gare shi. Rigar nono daidai jiki, marar ƙarfe, mai faɗin igiya, tana rage nauyi da ciwon baya. Babu hulba ko garin da zai mayar da nono na budurci.

Abin da kunya ke rufewa

Wadda ta ƙaru ko aka ƙara ta aka ɗinke, zaren yana narkewa da kansa, fatar ta haɗe cikin mako 2 zuwa 3, ciki kuma ya ƙarasa warkewa wajen mako 6. Abin da wurin ke so shi ne tsabta da bushewa: tsarki da ruwa mai tsabta daga gaba zuwa baya, sauya auduga duk awa 4 ko ƙasa da haka, da zama a ruwan ɗumi na minti 10 zuwa 15 a baho mai tsabta. Ruwan ɗumi aka ce. Ruwan da ke tururi yana ƙona wurin, ɗinki ya saki. Yunƙurin bayan gida mai tauri shi ma yana ɓalle ɗinki ya tayar da basir, don haka zogale da rama da alayyafo da wake da gwanda da ruwa mai yawa suna cikin maganin.

A ƙasan mara akwai tsoka shimfiɗe kamar raga, ita ke riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura. Ciki da naƙuda suna miƙe ta. Shi ya sa mace kan ji ɗigon fitsari in ta yi tari ko atishawa ko dariya, kuma wannan ya zama ruwan dare a watannin farko, ya kan dagula wa mace alwala da salla. Gyaransa shi ne motsa tsokar. Ta matse kamar mai riƙe tusa da fitsari a lokaci guda, ta ja sama, ba tare da ta matse cinya ko ɗuwawu ko ta ɗauke numfashi ba. Ta riƙe daƙiƙa 5, ta saki daƙiƙa 5, sau 10. Sannu a hankali ta kai daƙiƙa 10. Sau 3 a rana, aƙalla wata 3. Ana iya yi a zaune ana shayarwa, ba wanda zai sani. Kada a mayar da tsayar da fitsari a banɗaki ya zama atisayen, domin yana hana mafitsara zubar da komai.

Wannan atisaye shi ne matsi na gaskiya. Sakkwato ta yi suna da kayan mata, kuma na ci da na sha da aka haɗa da dabino da aya da kwakwa da zuma abinci ne, babu laifi. Haɗarin yana ga abin da ake cusawa a gaba: alimun, kanwa, gishiri, da ƙulle-ƙullen da ba a san me ke ciki ba. Abin da suke yi shi ne busar da wurin da kumbura shi, sai a ji kamar ya tsuke. In an daɗe ana yi, fatar ciki takan ƙone ta yi gyambo, ta warke da tabo, har gaba ya toshe a kai ga yin aiki. Bushewar da mai shayarwa ke ji, wadda ake kira ƙarancin ni'ima, daga saukar sinadarin istirojin ne saboda shayarwa, kuma tana wucewa in al'ada ta dawo. Man santsi na ruwa da ake sayarwa a kantin magani ya isa.

Akwai bambanci tsakanin ɗigon tari da yoyon fitsari. Yoyo shi ne fitsari na zuba dare da rana ba tsayawa, galibi bayan doguwar naƙuda da kan yaro ya danne mafitsara har naman wurin ya mutu ya huje. Wannan ana gyara shi. A Sakkwato akwai sashen masu yoyon fitsari a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha. Zuwa da wuri na da riba, domin wasu ƙananan ramukan kan rufe da robar fitsari kaɗai in an sa ta tun makonnin farko. Haka wadda ke jin wani abu na saukowa a gabanta in ta daɗe a tsaye, ko ba ta iya riƙe bayan gida, ita ma ta faɗa. Shekara goma wasu ke yi da wannan a ɓoye.

Wankan jego, kunun kanwa da zuciya

Kowa ya san yadda ake yi. Tun asuba an hura wuta, tukunya na tafasa, tsohuwa ta tsoma damin ganyen dogon yaro ko na tsamiya tana fyaɗa wa mai jego, safe da yamma har arba'in, wani wuri ma fiye. A wasu ƙauyukan akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ga kuma kunun kanwa a kwano. Manufar tsofaffi alheri ce: a kori sanyi, a kawo ruwan nono, a mayar da ƙarfi. Babban alherin zaman jego ma shi ne hutun da kulawar da mace ke samu, abin da matan ƙasashe da yawa ba su da shi.

Amma yankinmu yana cikin wuraren da ciwon zuciyar masu jego ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana shi, suka danganta shi da zafin wanka da kanwa. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, aka wallafa a 2007, ya samu kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 102. Babban binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya, wanda ya fito a 2020, bai samu cewa wankan da kunun su ne tushen ciwon ba. Abubuwan da ya fi gani su ne rama, da hawan jinin masu ciki, da rashin karatu da rashin abin yi. Duk da haka kanwa cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, wanda ke sa jiki riƙe ruwa. Zuciyar da ta riga ta raunana, ko mai hawan jini, ƙarin kaya ne aka ɗora mata. Ra'ayinmu shi ne a riƙe wankan a rage zafinsa: ruwan da gwiwar hannu ba za ta iya zama a ciki ba bai dace da jikin kowa ba, kuma wanda ya kai digiri 60 yana saɓule fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai hawan jini, da mai kumburi, da wadda ta zubar da jini sosai, su bar ruwa mai zafi da kanwa gaba ɗaya. Kunun gyaɗa da na tsamiya da fura da nono ba su da wannan haɗari.

Ciwon zuciyar yakan bayyana daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata 5 bayan haihuwa. Alamominsa: haki daga ɗan tafiya zuwa banɗaki, kasa kwanciya sai an jera matashi uku ko a kwana a zaune, farkawa cikin dare numfashi ya sarƙe, tari, bugun zuciya da sauri, kumburin ƙafa da ciki da ke ƙaruwa maimakon raguwa. Sau da yawa a gida ana cewa sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara wuta a ƙara kanwa. Abin da take buƙata shi ne hoton zuciya da magani. Da yawa suna samun sauƙi sosai in an fara da wuri, amma kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya duba.

Hawan jini ma yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ke shirin suna. Ciwon kai mai tsanani da ba ya jin magani, ganin dishi-dishi ko walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kumburin fuska: waɗannan na iya zama share fagen jijjiga. Awo ya kai 140 bisa 90 a nemi ma'aikacin lafiya a ranar, in ya kai 160 bisa 110 a tafi a lokacin. Ƙafa ɗaya tak ta kumbura da zafi kuwa, ana tsoron daskarewar jini a jijiya, kada a yi mata tausa.

Ƙiba da rama

Wata ƙiba ke damunta, wata rama. Mai shayarwa tana ƙona ƙarin abincin da ya kai kusan kalori 500 a rana, tana fitar da ruwan nono kusan kashi uku cikin huɗu na lita. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, ruwan leda 6 a yini bai yi mata yawa ba. Mai son rage ƙiba ta jira mako 6, sannan ta rage sukari da lemon kwalba da soye-soye, ta riƙa tafiyar minti 20 zuwa 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar. Rabin kilo a mako ya isa, ba zai taɓa nono ba. Shayin rage tumbi mafi yawansa maganin zawo ne da na fitsari, ruwa yake zubarwa.

Mai rama kuma sai a kawo mata "sha ka fashe", wanda galibi ƙwayar deksametason ce. Kumburi take sawa: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, ga hawan jini da ciwon suga da nankarwa. Ramar mai jego abinci take so da awon jini. Ƙaurin suna da gasasshen nama na makon farko suna da kyau, amma jini ba ya dawowa a mako guda. Hanta sau ɗaya ko biyu a mako, wake, ƙwai, busasshen kifi, gyaɗa, zogale, da ci gaba da shan ƙwayar ƙarin jini mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa. A sha ta da lemon zaƙi ko ruwa, a nisanta ta da shayi, domin ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar ta.

Abin da ido ba ya gani

Kuka ba dalili da saurin fushi a kwana na 3 zuwa na 5 abu ne da mata da yawa ke shiga, yana wucewa kafin mako 2. In ya zarce haka, mace ba ta jin daɗin komai, ba ta barci ko da yaro ya yi barci, tana ganin kanta ba ta da amfani, to ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, yana kama fiye da mace 1 cikin 10, kuma yana da magani. Wadda ta fara sambatu, ko jin muryoyi, ko maganar cutar da kanta ko jaririn, kada a bar ta ita kaɗai. A yi addu'a, a kuma kai ta a ranar, ko asibitin koyarwa ko na masu taɓin hankali da ke Kware.

Yadda mace ke kallon jikinta yana da alaƙa ta kusa da abin da take ji a bakin mijinta. Angon ƙarni ya sani cewa gugar zana a kan tumbi, ko ambaton ƙarin aure a cikin wasa a wannan lokaci, shi ke tura mata wajen masu bilicin da masu cushe-cushe. Alƙur'ani ya siffanta ɗaukar ciki da rauni a kan rauni, a cikin Suratu Luƙman. Abin da ake nema a gare shi a fili yake: cefane mai gina jiki, mai taya aiki, kuɗin asibiti, haƙuri da shimfiɗa har jini ya ɗauke, ɗinki ya warke, ita kuma ta ji ta shirya.

Jiki ba ya gama komawa a arba'in. Wata 6 zuwa shekara yake ɗauka, kuma kwanika ita ce babbar mai katse wannan aiki. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in sharuɗɗa uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Wadda ba ta shayarwa tana iya ɗaukar ciki tun mako 3 zuwa 4 bayan haihuwa, kafin ma ta ga al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar tazarar wata 24 kafin a nemi wani cikin, kuma wannan ya fi zama dole ga wadda aka yi wa aiki, domin tabon mahaifa yana buƙatar lokaci.

Hukumar ta kuma tsara a duba mai jego sau 4: cikin awa 24 na farko, a kwana na 3, tsakanin kwana 7 zuwa 14, da kuma mako na 6. A aikace yaro ake kaiwa rigakafi, uwar ta zauna a benci ba wanda ya tambaye ta komai. Rigakafin mako 6 ya zo daidai da lokacin dubata, don haka in ta je ta nemi a auna mata hawan jini da yawan jini, a duba ɗinki ko tabon aiki, a taɓa tsokar ciki, a yi maganar tazarar haihuwa. In akwai ɗigon fitsari ko zafi wajen kwanciyar aure kuma bakinta ya yi nauyi a gaban namiji, ta ce a haɗa ta da ma'aikaciya mace.